Bitamin C da Masu Ƙwace Masa Ilektoron: Darasi a Kan Oksidashan

Idan aka ɗiga aidin, wato jan maganin nan da ake shafa wa rauni, a cikin ruwan da aka dama sitaci, nan take ruwan zai rikiɗe ya zama shuɗi mai duhu, kamar an ɗebo shi daga rijiyar marina. Idan kuma aka matsa lemun tsami a ciki aka motsa, sai shuɗin ya dinga kodewa har ya ɓace sarai. Mai kallo zai iya zaton tsamin lemun ne ya yi wannan aiki. Ba haka ba ne. Da za a zuba ruwan tsami irin na kwalba, wanda ake kira binega, a madadin lemun, shuɗin ba zai gushe ba. Abin da ya kashe launin shi ne bitamin C da ke cikin lemun, kuma a daidai lokacin da yake kashe launin, shi ma kansa yana canzawa zuwa wani sinadari dabam.

Wannan canji shi ne abin da masana kimiyyar sinadarai ke kira oksidashan. Duk wanda ya fahimce shi zai gane yadda ake auna bitamin C a ɗakin gwaje-gwaje, da dalilin da ya sa miyar da aka zuba wa kanwa ke rasa shi, da kuma irin aikin da yake yi a cikin jikin ɗan Adam, domin duk ukun tushensu ɗaya ne.

Ginin bitamin C

Sunan bitamin C a kimiyyance shi ne asid askobik, kuma ana rubuta shi C6H8O6. Wato kowane molekul nasa, ma'ana dunƙule mafi ƙanƙanta da ke ɗauke da ɗabi'unsa, ya ƙunshi ƙwayoyin zarra shida na kabon, da takwas na haidurojin, da shida na oksijin. Idan aka tara nauyinsu za a sami 176. Wanda ya san sukarin gulukos, C6H12O6, zai lura da kamar da ke tsakaninsu. Lalle kuwa 'yan'uwa ne, domin daga gulukos ne tsirrai da yawancin dabbobi ke ƙera bitamin C. Akuya da saniya da kare duk suna yin nasu a cikin hanta. Mutum da manyan birai da ɓeran Masar da wasu jemagu ba sa iyawa, saboda enzayim ɗin da ke yin mataki na ƙarshe na ƙirar ba ya aiki a jikinsu. Don haka dole su same shi a abinci.

Masani Albert Szent-Györgyi, mutumin ƙasar Hangari, shi ya fara ware wannan sinadari a shekarar 1928 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, daga wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda, da kuma daga lemu da kabeji. Abin sha'awa shi ne ba bitamin yake nema ba. Yana binciken oksidashan ne a cikin tsirrai, sai ya lura akwai wani abu a ruwan wasu tsirrai da ke jinkirta canjin launi a gwajinsa. Sai a 1932 aka tabbatar cewa wannan abu shi ne maganin ciwon sikabi, ta hanyar aikinsa a garin Szeged na Hangari da kuma aikin Charles Glen King a Amurka. A 1933 Norman Haworth na Jami'ar Bamingam ya fayyace gininsa, a shekarar nan kuma Tadeus Reichstein ya ƙera shi a ƙasar Suwizalan. Szent-Györgyi da Haworth duk sun sami kyautar Nobel a 1937.

Ginin da Haworth ya fayyace zobe ne mai kusurwa biyar, kabon huɗu da oksijin ɗaya, da ɗan jela mai kabon biyu. Wurin da ya kamata ɗalibi ya zuba wa ido shi ne kabon na biyu da na uku. Ɗauri mai ruɓi biyu ne ya haɗa su, kuma kowannensu na riƙe da ƙungiyar OH, wato oksijin da haidurojin. Waɗannan haidurojin biyu riƙon sakainar kashi aka yi musu, ba su da wuyar fita. Dukkan labarin oksidashan na bitamin C a kan su yake; ragowar molekul ɗin, a iya cewa, mariƙi ne kawai.

Ma'anar oksidashan

A da, idan aka ce oksidashan ana nufin haɗuwar abu da iskar oksijin, kamar yadda ƙarfe ke yin tsatsa ko gawayi ke cin wuta. Daga baya aka gane ma'anar ta fi haka faɗi. Oksidashan shi ne abu ya rasa ilektoron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke kewaye da cibiyar ƙwayar zarra. Kishiyarsa shi ne ridakshan, wato abu ya sami ilektoron. Ɗaya ba ya faruwa sai da ɗayan, kamar yadda ba a yin ciniki sai da mai saye da mai sayarwa. Sinadarin da ya karɓi ilektoron shi ake kira wakilin oksidashan, wanda ya bayar kuma wakilin ridakshan.

A nan ne ɗalibai da yawa kan ruɗe a jarrabawa. Wakilin oksidashan shi ne ke jawo wa wani oksidashan, amma shi kansa ridakshan ne ke samunsa. Bitamin C wakilin ridakshan ne, saboda haka shi ne oksidashan ke faɗa wa. Idan ya gamu da mai karɓa, yakan saki ilektoron biyu da haidurojin biyu:

C6H8O6 → C6H6O6 + 2H+ + 2e−

Sabon sinadarin, C6H6O6, ana kiransa asid dihaiduro-askobik, wato asid askobik da aka cire wa haidurojin. Ana iya tabbatar da cewa oksidashan ne ta lissafin lambar oksidashan. A cikin C6H8O6, haidurojin takwas sun ba da +8, oksijin shida sun ba da −12, don haka jimillar ta kabon ita ce +4. A cikin C6H6O6 kuwa haidurojin sun ba da +6, oksijin −12, jimillar ta kabon ta zama +6. An sami ƙarin biyu, daidai da ilektoron biyun da suka fita. Kabon na biyu da na uku ne suka ɗauki ƙarin, kowannensu ya tashi daga +1 zuwa +2. Mai karatu zai lura ko ƙwayar oksijin ɗaya ba ta ƙaru ba, amma duk da haka oksidashan ya auku.

Haɗuwarsa da aidin

Aidin, I2, yana son ilektoron. Idan ya sami biyu sai ya rabu ya zama ayodaid guda biyu, waɗanda ba su da launi:

I2 + 2e− → 2I−

Idan aka haɗa wannan da rabin da ya gabata, ilektoron ɗin za su soke juna, a sami cikakken lissafin:

C6H8O6 + I2 → C6H6O6 + 2H+ + 2I−

Ma'ana molekul ɗaya na bitamin C na cinye molekul ɗaya na aidin, ba ƙari ba ragi. Da yake nauyin I2 254 ne, giram 176 na bitamin C na buƙatar giram 254 na aidin, ko kuwa a ce kowane miligiram ɗaya na bitamin C na buƙatar kimanin miligiram 1.44. Sitaci ba ya shiga cikin wannan ciniki, ɗan kallo ne mai ba da shaida. Yana da wani sashe mai siffar igiya murɗaɗɗiya, wanda aidin ke shiga tsakiyarsa ya ba da launin shuɗi. Ayodaid shi kaɗai ba ya ba da wannan launi. Saboda haka muddin akwai sauran bitamin C a cikin ruwa, duk ɗigon aidin da ya faɗa za a mayar da shi ayodaid kafin ya zauna a cikin sitacin. Da zarar bitamin ya ƙare, ɗigo na gaba ba shi da mai tare shi, sai shuɗi ya bayyana ya tsaya.

Me ya sa aka fi son aidin, alhali akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi? Masana na auna kwaɗayin ilektoron na kowane sinadari da ma'aunin bolt. Wanda lambarsa ta fi girma shi ke ƙwace wa na ƙasa da shi. Lambar bitamin C a cikin ruwa mai tsami sosai kimanin +0.39 ce, ta aidin +0.54, ta famanganet +1.51. Famanganet shi ne sinadarin nan mai launin shunayya da ake samu a kusan kowane ɗakin gwaji na sakandare. Shi ma bitamin C na kashe masa launi:

5C6H8O6 + 2MnO4− + 6H+ → 5C6H6O6 + 2Mn2+ + 8H2O

Sai dai ƙarfinsa ya yi yawa. Ba ya tsayawa a kan bitamin C kaɗai, yakan afka wa sauran sinadaran da ke cikin ruwan 'ya'yan itace, har ma da ragowar bitamin ɗin da ya riga ya yi wa oksidashan. Sakamakon da zai bayar zai wuce gaskiya. Aidin kuwa da kaɗan ya ɗara bitamin C, don haka ya isa ya ƙwace masa ilektoron amma bai isa ya taɓa sukari ko asid sitirik ba. A wajen awo, rashin ƙarfin nan nasa shi ne darajarsa. Akwai kuma wani rini shuɗi da ake taƙaita sunansa da DCPIP, wanda Bajamushe Josef Tillmans ya shigo da shi wannan aiki. Shi ba ya buƙatar sitaci, domin da kansa yake rasa launi idan ya karɓi ilektoron, kuma shi ne littattafan nazarin halittu suka fi ambata.

Gwajin da kowace makaranta za ta iya yi

Rashin kayan aiki ba hujja ba ce ta barin wannan gwaji. Abin da ake buƙata shi ne kwalbar aidin ta kantin magani, da abin ɗiga magani, da sirinji marar allura don awon ruwa, da 'yan kofuna masu haske, da ƙwayar bitamin C mai miligiram 100, fara marar launi, da sitacin guga ko na rogo. A dama rabin ƙaramin cokali na sitaci da ruwan sanyi kaɗan, a zuba masa kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a bar shi ya huce sosai, domin shuɗin ba ya fitowa da kyau a ruwan zafi.

Matakin farko shi ne sanin ƙarfin aidin ɗin, tun da na kanti ba ƙarfinsu ɗaya ba. A niƙa ƙwayar a narkar da ita a ruwa mililita 100. Yanzu kowace mililita na ɗauke da miligiram ɗaya. A ɗebi mililita 10, a ƙara ɗan ruwan sitaci, a riƙa ɗiga aidin ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa ana ƙirgawa, har shuɗi ya tsaya na kamar daƙiƙa ashirin. A ɗauka an ƙirga ɗigo 30. Ke nan ɗigo 30 daidai yake da miligiram 10. Sai a maimaita da mililita 10 na tataccen ruwan lemun zaƙi. Idan ya ci ɗigo 15, to yana da miligiram 5, wato miligiram 50 a cikin kowace mililita 100. A yi kowane awo sau uku a ɗauki matsakaici, kuma a riƙe abin ɗigawar a tsaye kullum, don kada girman ɗigo ya bambanta. Aidin guba ne idan aka sha, yana kuma ɓata tufafi, don haka malami ya sa ido.

Makarantar da ke da biyuret da ruwan aidin mai ƙarfin mol 0.005 a lita ba ta buƙatar ƙwayar. Kowace mililita ta wannan ruwa na cinye miligiram 0.88 na bitamin C, wato 0.005 sau 176. Idan mililita 20 na ruwan lemu suka ci mililita 11.4 na aidin, to akwai miligiram 10 a ciki.

Gwajin zai nuna wa ɗalibai wani abu da ya saɓa wa zaton mutane da yawa: tsami ba shi ne alamar bitamin C ba. Tsamin lemu daga asid sitirik yake, na tsamiya daga asid tatarik. A cikin giram 100, lemun zaƙi na da kimanin miligiram 50, gwanda kimanin 60, jan tattasai ya haura 120, gwaiba ta haura 200, tumatir kuwa bai kai 20 ba. Tsamiya, duk tsaminta, 'yan miligiram kaɗan gare ta. Garin 'ya'yan kuka da 'ya'yan kanju suna cikin masu arzikinsa. Ruwa mai launi kamar zoɓo yakan ɓoye shuɗin, sai an surka shi da ruwa sosai kafin a iya gani.

Iska da jan ƙarfe da kanwa

A ɗakin girki babu aidin, amma akwai wani wakilin oksidashan da ba a rabuwa da shi, wato iskar oksijin. A ma'aunin bolt ta fi aidin ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka da ƙarfi ne kaɗai abin dubawa, da bitamin C ba zai kwana a cikin buɗaɗɗen kofi ba. Abin da ya cece shi shi ne oksijin na da nawa. Yadda ilektoron ɗinta suke a jere ya sa ba ta iya karɓar biyu kai tsaye daga irin wannan molekul. Tana buƙatar dillali. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan bambanci da kyau: ma'aunin bolt na faɗin ko abu zai iya faruwa, ba ya faɗin saurin faruwarsa.

Dillalan kuwa su ne jan ƙarfe da baƙin ƙarfe idan sun narke a ruwa, ko da ɗan mitsitsi ne. Jan ƙarfe mai caji biyu, Cu2+, yakan karɓi ilektoron ɗaya daga bitamin C ya zama Cu+, ya miƙa wa oksijin, ya koma Cu2+, ya sake dawowa karɓar wani. Shi ba ya ƙarewa, bitamin ne ke ƙarewa. Tsirrai ma na da nasu dillalin, wani enzayim mai ɗauke da jan ƙarfe da ake kira askobet oksides, wanda ke da yawa a kabewa da kokwamba. A cikin lafiyayyen ɗan itace, enzayim ɗin da yawancin bitamin ba sa wuri ɗaya. Yanka da daka da markaɗe su ke fasa shingen, su kuma buɗe wa iska ƙofa. Shi ya sa ganyen da aka yanka tun safe aka ajiye ba zai kai wanda aka yanka dab da girki ba.

Tarihi ya nuna tsadar rashin sanin wannan. A 1747 likitan jirgin ruwa James Lind ya raba matuƙa goma sha biyu masu ciwon sikabi biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani dabam. Waɗanda aka ba lemun zaƙi biyu da na tsami ɗaya a kullum su ne suka farfaɗo. Amma da ya zo ba da shawarar yadda za a adana ruwan lemun don doguwar tafiya, sai ya ce a ɗora shi a kan zafi har ya yi kauri, abin da ke lalata yawancin bitamin ɗin. Rundunar ruwan Ingila ba ta fara raba ruwan lemu ga matuƙanta a kai a kai ba sai a 1795. A ƙarni na 19 aka sauya zuwa ƙaramin lemun tsami na tsibiran Karibiyan, wanda tun asali bitamin ɗinsa bai kai na wancan ba, kuma ruwan na bi ta bututun jan ƙarfe wajen sarrafawa. Ayarin George Nares da ya nufi ƙarshen arewacin duniya a 1875 ya tafi da irin wannan ruwa, sikabi kuma ya kama mutanensa. Likitoci da dama suka yanke ƙauna da lemu gaba ɗaya, alhali laifin na oksidashan ne.

Abu na gaba shi ne tsami ko rashinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. A ƙasa da 4.2 yawancin bitamin C na riƙe da haidurojin ɗinsa. A sama da haka yakan saki ɗaya ya zama askobet mai caji, wanda ya fi saurin ba da ilektoron. Lambarsa ta bolt ma takan sauko daga +0.39 zuwa kimanin +0.06 a pH 7, wato ya ƙara zama mai sauƙin ƙwata. Ruwan lemun tsami na wajen pH 2, shi ya sa bitamin ke daɗewa a cikinsa. Kanwa kuwa kishiyar tsami ce, domin yawancinta sodiyam kabonet ne da baikabonet. Ana zuba ta a wake don ya yi saurin nuna, a miyar kuɓewa don yauƙi, a ganye don ya tsaya kore shar. Duk waɗannan amfani ne na gaske, ba wanda zai musa wa mai girki. Amma koren ganyen da kanwa ta fito da shi yaudara ce ta wannan fuska, domin a cikin tukunya mai zafi da kanwa da iska, bitamin C ya gamu da maƙiyansa uku a lokaci guda. Ba sai an daina amfani da kanwa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne kada a dogara da irin wannan miya wajen samun bitamin C. Haka ma busasshen tumatir da busasshen ganye da suka sha rana da iska kwana da kwanaki. Gwaiba ɗaya ko lemu ɗaya bayan abinci ya cike gurbin. Ɗalibai za su iya gwada wannan da kansu: a raba ruwan lemu gida uku, a bar ɗaya yadda yake, a sa wa na biyu ɗan guntun wayar lantarki ta jan ƙarfe, na uku ɗan ruwan kanwa, a ajiye su awa biyu. Kafin awo sai a zuba wa mai kanwar binega ya koma mai tsami, domin aidin ba ya auna daidai a ruwan kanwa.

Matakin da ake komawa da wanda ba a komawa

Oksidashan na farko ba mutuwar bitamin ba ce. Asid dihaiduro-askobik na iya karɓar ilektoron biyu ya koma yadda yake, kuma ƙwayoyin halittar jiki, musamman jajayen ƙwayoyin jini, suna yi masa haka ta amfani da wani sinadari mai suna gulutatayon. Saboda haka har yanzu yana da amfani idan aka ci shi. Matsalar ita ce ba ya jimrewa. A ruwan da ba shi da tsami, da ɗumi irin na jiki, cikin 'yan mintoci ruwa kan fasa zoben nasa ya zama asid daiketo-gulonik. Daga nan babu komawa, jiki ba shi da hanyar ɗinke zoben. Wannan kuma yakan ci gaba da farfashewa, ɗaya daga cikin ɓaraguzansa shi ne okzalet.

Wannan na nuna iyakar gwajin aidin. Aidin na ƙirga bitamin ɗin da bai riga ya ba da ilektoron ɗinsa ba ne kawai, ba ya ganin wanda ke mataki na biyu ko da yana da sauran amfani. Akasin haka, idan an sa wa lemun kwalba salfait don adanawa, shi ma zai ci aidin, sakamakon ya haura gaskiya. Manyan ɗakunan bincike a yau sun fi amfani da na'urar kuromatogirafi, wadda ke ware sinadaran tukuna kafin ta auna.

Aikinsa a jiki

Saurin lalacewar bitamin C da amfaninsa abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu. Jiki na ƙera wani furotin mai suna kolajin, wanda ke riƙe fata da jijiyoyin jini da dasashi da ƙashi. Enzayim ɗin da ke ƙarfafa kolajin na aiki da baƙin ƙarfe mai caji biyu, Fe2+. Lokaci-lokaci ƙarfen kan rasa ilektoron ya zama Fe3+, aiki ya tsaya cak, sai bitamin C ya miƙa masa ilektoron ya farfaɗo. Idan babu bitamin, kolajin ɗin zai fito rarrauna: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, rauni ya ƙi warkewa. Wannan shi ne sikabi. Ba ciwon zamanin da ba ne kawai, domin ya ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya da Sudan da Habasha a shekarun 1980, inda mutane suka yi watanni suna rayuwa a kan hatsi da mai da busasshen wake.

Irin wannan kyauta ta ilektoron ce ke taimaka wa hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye da hatsi, domin hanji ya fi karɓar Fe2+ a kan Fe3+. Wannan na da muhimmanci ga mata masu juna biyu da 'yan mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi addaba. Miligiram 10 a rana ya isa ya hana sikabi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar miligiram 45 ga baligi, Amurka kuwa a shekarar 2000 ta sa 90 ga maza, 75 ga mata, da ƙarin 35 ga mai shan taba, saboda hayaƙin taba cike yake da masu ƙwace ilektoron. Shahararren masani Linus Pauling ya yi kira a 1970 da a riƙa shan bitamin C mai yawan gaske don maganin mura. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna shan sa kullum ba ya rage yawan kamuwa da mura ga gama-garin mutane, sai dai yana rage tsawonta da kimanin kashi 8 cikin ɗari ga manya. Abin da ya wuce buƙata fitsari ke tafiya da shi. A can ma ba ya barin halinsa: yakan ba da ilektoron ga sinadaran da ke jikin 'yar takardar gwajin fitsari, har ya ɓoye jini ko sukarin da ke ciki. Don haka ya kamata mai shan ƙwayar bitamin C ya shaida wa ma'aikacin asibiti kafin gwaji.

A gidan burodi

Masu yin burodi na son fulawar da za ta kama ta tashi da kyau, kuma abin da ke ƙarfafa kwaɓin shi ne oksidashan. An daɗe ana amfani da fotasiyam buromet don haka, har aka gano yana jawo ciwon daji a dabbobin gwaji. Ingila ta hana shi a 1990, kuma haramtacce ne a burodin Nijeriya. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka maye gurbinsa shi ne asid askobik, wanda akan rubuta E300 a jikin buhu ko leda. Ɗalibi mai lura zai ce akwai rikici a nan: ta yaya wakilin ridakshan zai yi aikin wakilin oksidashan? Amsar tana cikin kwaɓin. Yayin da ake murza shi iska na shiga, enzayim ɗin da ke cikin fulawa kuma na mayar da bitamin ɗin asid dihaiduro-askobik. Wannan na biyun, da yake ya rasa ilektoron biyu, yanzu shi ne mai nema. Yakan karɓe su daga gulutatayon ɗin fulawa, wanda in an bar shi yakan tsinka ɗaurin da ke tsakanin zaruruwan furotin ɗin alkama ya sa kwaɓi ya saki. Zafin tanda kuma yakan lalata yawancin abin da ya rage, saboda haka wanda ya ci burodin ba zai ƙirga shi cikin bitamin C ɗin da ya samu a ranar ba.